Daga Littafin Jami'i zuwa Gaban Alƙali: Tattara Hujja da Shirin Shiga Kotu a Aikin Kare Yara a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin nauyin da ke kan jami'an walwalar jama'a, da ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai, da dakarun Hisba, tun daga lokacin da koken cin zarafin yaro ya zo hannunsu har zuwa ranar da za a tsaya gaban alƙali. An dogara ne a kan tanade-tanaden Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, tare da ƙa'idojin shaida na mazhabar Malikiyya da kotunan Musulunci ke aiki da su. Takardar ta nuna cewa makomar irin waɗannan shari'o'i takan tabbata ne tun a kwanakin farko, a hannun wanda ya fara sauraron yaron, tun kafin lauya ya ga fayil. Ta bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ba da shawarwari ga ma'aikatun gwamnati da cibiyoyin horar da jami'ai.

1.0 Gabatarwa

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, da tallafin UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya sukan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka sami taimako a cikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Daga nan aka yi ta kafa dokoki. Gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, ta kuma tsananta hukuncin fyaɗe a 2020, shekarar da Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar. Jihar Kano ta sami tata dokar kare yara a 2023.

Sai dai tsananin hukunci a takarda ba ya hukunta kowa. Alƙali ba ya aiki da abin da unguwa ta sani, sai abin da aka tabbatar a gabansa. Shi ya sa akan ga iyaye sun fito daga kotu suna cewa an sayar da shari'a, alhali tun daren farko aka wanke tufafin yarinya, sai bayan mako guda aka kai ta asibiti, mutum biyar suka yi mata tambayoyi kowa ya rubuta abin da ya fahimta, likitan da ya duba ta kuma ya gama hidimar ƙasa ya koma garinsu. Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali, amma a nan hankali bai saɓa da komai ba. Hujja ce aka bari ta lalace.

Ba kasafai ɗan sanda ke fara jin irin wannan koke ba. Uwa ce, ko malamar makaranta, ko mai unguwa, daga nan sai ofishin Hisba, ko ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko wata ƙungiya. A kan waɗannan ma'aikata, maza da mata, takardar ta tsaya, kuma za a riƙa ce musu jami'i a dunƙule.

2.0 Matsayin Jami'i da Iyakarsa

Binciken laifi aikin 'yan sanda ne da hukumomi irin su NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane. Gurfanarwa kuma aikin masu gabatar da ƙara ne da lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Jami'i yakan shiga shari'a ne ta ƙofa uku: shi ne mai karɓar koke da haɗa yaro da asibiti da 'yan sanda, shi ne mai rubuta rahoton halin rayuwar yaro da gidansu, wanda kotun iyali ke dubawa kafin ta faɗi inda yaro zai zauna ko kafin ta hukunta yaron da ya yi laifi, sannan shi kansa ana iya aiko masa da sammaci ya zo ya ba da shaida.

Wuce wannan iyaka ɓarna ce. Jami'in da ya titsiye wanda ake zargi, ko ya tsaya matasan unguwa na dukansa har ya amsa laifi ana ɗauka a waya, ya ba lauyan wanda ake tuhuma makami. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani wakili irin jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Zaƙewa ma tana cutar da yaran da ake son karewa. A 1987, a yankin Cleveland na Ingila, likitoci biyu sun ce sun ga alamun lalata a jikin yara 121, aka raba su da iyayensu, daga baya aka mayar da mafi yawansu gida. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 1988 ya soki yadda aka riƙa maimaita wa yaran tambayoyi da gwaje-gwaje, da kuma rashin jituwa tsakanin likitoci da 'yan sanda da jami'an walwala. Darasin shi ne, amanar jami'i tana ga gaskiya da lafiyar yaro, ba ga ganin lalle an ɗaure wani ba.

3.0 Abin da Kotu ke Nema

3.1 Dokar Shaida ta 2011

Wannan doka ta tarayya ce, kuma da ita manyan kotuna da kotunan majistare na duk jihohi ke aiki. Wasu sassa daga cikinta ya kamata kowane jami'i ya san su kamar yadda ya san hanyar ofishinsa.

Sashe na 135 ya ce dole a tabbatar da laifi ta yadda babu sauran shakka mai ma'ana. A shari'ar da ba ta laifi ba, kamar ta riƙon yaro, rinjayen hujja ya wadatar, kamar yadda sashe na 134 ya nuna. Sashe na 37 da na 38 sun hana shaidar "an ce": mai shaida zai faɗi abin da ya gani da idonsa ne ko ya ji da kunnensa. Gani ya kori ji. Sashe na 67 da na 68 sun hana mai shaida faɗin ra'ayinsa, sai ƙwararre a fagen ƙwarewarsa.

Wanda ya fi shafar wannan aiki shi ne sashe na 209. Yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, amma kotu za ta saurare shi idan ta gamsu yana da wayo kuma ya san wajabcin faɗin gaskiya. Sai dai ba a ɗaure mutum da wannan shaida kaɗai, sai an sami wata hujja ta daban da ta ƙarfafa ta, wadda kuma ta nuna wanda ake tuhuma. A nan jami'ai da yawa ke ruɗuwa. Idan yarinya ta gaya wa uwarta, da gwaggonta, da malamarta, da jami'i, ba a sami shaidu biyar ba. Har yanzu majiya ɗaya ce. Abin da ke ƙarfafa maganarta shi ne rahoton likita, da maƙwabciyar da ta ga shigarta shagon, da tufafin da aka adana, da saƙon da ya rage a waya.

3.2 Ƙa'idojin Malikiyya

A kotunan Musulunci, inda alƙalai ke komawa ga littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa. Ana son shaida ya zama baligi, mai hankali, adali; abokin shari'a yana da damar yi masa tajrihi, wato ya soki cancantarsa, kuma kafin hukunci sai alƙali ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda rashin i'izari kaɗai.

Akwai abubuwa biyu a wannan mazhaba da suka dace da aikin jami'i. Na farko, Malikiyya sun karɓi shaidar yara a tsakaninsu a kan rauni da kisa, da sharaɗin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ba, saboda tsoron kada a cusa musu magana. Wannan tsoro shi ne ginshiƙin duk tsarin sauraron yara na zamani. Na biyu, sun ba alamomi muhimmanci. Macen da ta fito tana neman agaji, ko aka gan ta da jini a lokacin da abin ya faru, ana ɗaukar wannan a matsayin alamar tilasta mata aka yi, kuma Ibn Farhun ya yi dogon bayani a kan aiki da alamomi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Ke nan a dokokin biyu, abin da aka gani a sa'o'in farko yana da nauyin da ba a iya samo shi daga baya. Haka kuma jami'i ya kiyaye harshensa, domin jifan mutum da zina a bainar jama'a ba tare da hujja ba ƙazafi ne, kuma yana da nasa hukunci.

4.0 Matakan Tattara Hujja

4.1 Asibiti kafin komai

Lafiyar yaro ita ce gaba da shari'a, kuma a nan buƙatun biyu ba sa cin karo. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce awa 120. A cikin waɗannan kwanaki ne ma likita ke iya samun abin da zai ɗiba a jiki. Al'adar da aka saba a gidaje ita ce a yi wa yarinya wanka, a gasa ta da ruwan zafi, a sayo magani a kemis, a wanke zanen ko a ƙona shi don rufin asiri. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma da shi ake shafe hujja. Tambayar farko da jami'i zai yi wa uwa ita ce ko an yi wankan. In ba a yi ba, a dakata. In an riga an yi, duk da haka a tafi asibiti, a kuma rubuta cewa an yi.

Akwai cibiyoyin da aka keɓe domin wannan aiki. Mirabel ta Legas, wadda aka buɗe a 2013, ita ce ta farko a ƙasar. Akwai Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu su, sai asibitin gwamnati. Jami'i ya rubuta cikakken sunan likita, da lambar wayarsa, da lambar katin asibiti, domin shari'a na iya kai shekara biyu ba a zo kan shaidar likita ba. Ya kuma fahimtar da iyaye cewa rashin ganin rauni ba ya nufin ba a yi komai ba. Batun gwajin budurci kuwa, tun a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa ba shi da tushe a kimiyya, suka nemi a daina.

4.2 Sauraron yaro

Yaron Bahaushe an tarbiyyantar da shi a kan kada ya musa wa babba. Idan aka ce masa, "Wane ne ya taɓa ka, ko ba haka ba?" zai ce e, ko da ba haka ba ne. Don haka tambayar da ke ɗauke da amsarta guba ce ga shari'a. Abin da ya dace shi ne buɗaɗɗiyar tambaya: "Gaya mini abin da ya faru." "Sai me ya biyo baya?" A zauna a wuri mai sirri, ba a gaban cincirindon 'yan uwa ba, ba kuma a gaban wanda ake zargi ba. Kada a yi alkawarin alawa, kada a yi barazanar bulala, kada kuma a yi alkawarin cewa ba wanda zai ji, tun da dole 'yan sanda su ji.

Jami'i ya tsaya a kan abin da zai isa a kare yaron a kuma kai rahoto. Cikakken bayani na mai bincike ne. Duk ƙarin zama da aka yi da yaro yana fama masa ciwo, yana kuma ƙara yiwuwar saɓani a maganarsa. Kunya takan sa yarinya ta ce "ya yi mini iskanci" ko "ya taɓa mini wajen fitsari". A rubuta haka da Hausar da ta faɗa, kada a gyara. Idan da tafinta aka yi magana, a rubuta sunansa, domin kotu na iya buƙatar ya zo ya tabbatar da abin da ya fassara.

4.3 Littafin jami'i

A ɗauka jami'ai biyu ne suka karɓi koke iri ɗaya. Na farko ya rubuta:

"An kawo yarinyar da maƙwabcinsu ya yi wa fyaɗe. Tana cikin mawuyacin hali. Mutumin da ma an san halinsa."

Ta biyu ta rubuta:

"Talata, ƙarfe 4:20 na yamma, a ofis. Mahaifiya ta zo da 'yarta. Na ga yarinyar tana ɗingishi, akwai busasshen jini a bayan zanenta. Na ce, 'Gaya mini abin da ya faru.' Ta ce, 'Ya ce in zo in karɓi alawa, sai ya rufe ƙofa.' Ta yi shiru, ban matsa mata ba. Mahaifiya ta ce da misalin ƙarfe 2:00 ta ga jinin, kuma ba a yi mata wanka ba. Mun tashi zuwa asibiti ƙarfe 4:45."

A rubutun farko babu abu ɗaya da marubucin ya gani. Hukunci ne da jita-jita. A na biyu an raba abin da aka gani da abin da aka ji, an faɗi wanda ya faɗa, an sa lokaci. Sashe na 239 na Dokar Shaida ya yarda mai shaida ya duba rubutunsa domin tuni, muddin a lokacin da abin ya faru ya yi shi ko jim kaɗan bayan haka. Rubutun da aka zauna aka tsara bayan wata uku, da sammaci ya zo, ba shi da wannan daraja. Littafin ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi, a rubuta da biro, a sa hannu da kwanan wata. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai ta yadda za a iya karanta shi, kada a goge, kada a yage shafi. Abin da zai amfani wanda ake zargi ma a rubuta shi. Ɓoye shi zalunci ne, kuma ranar da ya fito zai rushe sauran shaidar jami'in.

4.4 Kayan shaida

Tufafi, zanen gado, bulala ko igiyar da aka ɗaure yaro da ita, duk hannun 'yan sanda ya kamata su shiga da wuri. In dole sai jami'i ya karɓa, ya bar mai danshi ya sha iska a inuwa, ya sa kowane ɗaya a ambulan ɗin takarda daban, ba leda ba, domin leda na riƙe danshi abin ya ruɓe. Ya liƙe, ya rubuta abin da ke ciki, da wanda ya ba shi, da lokaci. Duk sa'ad da kayan suka sauya hannu, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. Giɓi ɗaya a wannan jeri ya isa lauya ya ce ba a san abin da ya sami kayan a tsakani ba.

4.5 Waya da hotuna

Saƙonnin WhatsApp da Facebook, da muryar da aka naɗa, da shaidar tura kuɗi, duk hujjoji ne, amma sashe na 84 ya gindaya musu sharaɗi: sai an nuna na'urar da ta fitar da su tana aiki daidai, yawanci ta hanyar satifiket mai sa hannun wanda ke kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da labaran da aka bugo daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi. Saboda haka kada a goge komai, kada a sayar da wayar, kada a wadatu da hoton fuskar waya da aka tura wa wani. Ɗaukar hoton al'aurar yaro kuwa ba aikin jami'i ba ne ko kaɗan, kuma ajiye hotunan tsiraicin yara ko tura su laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, ko da niyyar neman taimako aka tura.

4.6 Shekarun yaro

Shekaru na iya sauya tuhuma gaba ɗaya. A sashe na 282 na kundin Final Kod na asali, yardar yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ba abin dubawa ba ce, Dokar Haƙƙin Yara kuma ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. A karkara yara da yawa ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Tun makon farko jami'i ya nemi katin rigakafi, da katin awon ciki na uwa, da rajistar makaranta. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi bayan an fara rigima ba ta kai waɗannan ƙarfi ba.

5.0 Shirin Shiga Kotu

5.1 Bibiyar fayil

A bisa al'ada 'yan sanda kan fara kai wanda ake zargi kotun majistare a tsare shi, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin shawarar lauyoyi, sannan a shigar da tuhuma a babbar kotu. A wannan tsakani ne shari'o'i da yawa ke mutuwa: an yi wa mai bincike canjin wurin aiki, fayil ya kwanta, iyaye sun gaji. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irinta a 2017, Kano a 2019, ta nemi a riƙa sauraron shari'a kullum, in hakan bai yiwu ba ta ƙayyade wa kowane ɓangare ɗagewa 5. Amma doka ba ta bin fayil da ƙafa. Jami'i ya riƙe lambar ƙara, da sunan mai bincike, da na lauyan gwamnati, da ranar kowane zama, ya kuma riƙa sanar da iyaye.

5.2 Shirya yaro

Shirya shaida daban, koya masa magana daban. Na farko wajibi ne, na biyu lalata shari'a ne. Ana iya kai yaro ya ga kotu ranar da ba a zama, a nuna masa inda alƙali ke zama da inda shi zai tsaya. A gaya masa cewa ba shi ake tuhuma ba, cewa yana da damar ya ce "ban sani ba", ko "ban gane ba", ko "na manta", kuma maimaita tambaya ba ya nufin amsarsa ta farko kuskure ce. Jami'i ya tunatar da lauyan gwamnati tun da wuri ya nemi kariyar da doka ta bayar: Tsarin Mulki ya yarda a fitar da 'yan kallo domin maslahar wanda bai kai shekara 18 ba, sashe na 232 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ya yarda da ɓoye suna da ba da shaida a bayan labule ko ta bidiyo, sashe na 234 na Dokar Shaida kuma ya hana tonon tarihin mai ƙorafi da wasu maza sai da izinin kotu. Kuɗin mota da abincin rana ma shiri ne. Yaron da ya wuni da yunwa a barandar kotu, yana kallon dangin wanda ake tuhuma, ba zai iya magana ba.

5.3 Jami'i a akwatin shaida

Sashe na 214 ya jera matakai uku: wanda ya kira shaida ya yi masa tambayoyi, ɗaya ɓangaren ya yi masa na ƙure, sannan na farko ya dawo ya warware abin da ya shige duhu. Jami'i ya karanta littafinsa kafin ranar, ya zo da na asali, ya fuskanci alƙali in zai amsa, ya tsaya a kan abin da aka tambaye shi. Ga misalin yadda takan kasance:

Lauya: Malama, kina wurin lokacin da abin ya faru?

Jami'a: A'a, ya Mai Shari'a, ba na wurin.

Lauya: To, yaya aka yi kika san wanda nake karewa ne ya aikata?

Jami'a: Ban ce na sani ba. Na faɗi abin da na gani a jikinta, da abin da na yi bayan haka.

Wannan amsa ba ta raunana ƙara ba. Shaidan da ya san iyakar saninsa shi alƙali ke gaskatawa. Wanda ya fusata, ko ya ƙara gishiri, ko ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba, da tambaya biyu ake ƙure shi.

5.4 Matsin lambar sulhu

Da zarar an kama mutum, manya za su fara sintiri: a rufa asiri, a bar wa Allah, a duba zumunci, wa zai aure ta in magana ta fita? Wani lokaci da kuɗi ake zuwa. Sulhu alheri ne a rikicin aure, da ciyarwa, da riƙon yara, kuma a nan Hisba da masu unguwanni sun yi aikin da kotu ba za ta iya ba. Fyaɗe kuwa laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Iyaye ba su da ikon yafe shi a madadin doka, kuma karɓar wani abu domin a kare mai laifi daga hukunci laifi ne mai zaman kansa. Jami'i kada ya zauna a irin wannan zama. Ya rubuta wanda ya zo, da ranar, da abin da ya faɗa, ya sanar da lauyan gwamnati. Ya kuma gane cewa yawancin iyayen da ke janyewa ba kwaɗayi ke sa su ba, gajiya ce da tsoro da gorin maƙwabta; maganinsu shi ne su ga akwai mai tsaya musu.

6.0 Shawarwari

i. Ma'aikatun harkokin mata da walwalar jama'a su fitar da fom ɗaya na karɓar koke, da Hausa da Ingilishi, wanda ofisoshinsu da Hisba da ƙungiyoyi za su yi aiki da shi.

ii. Majalisar kula da aikin walwalar jama'a, wadda wata doka ta 2022 ta kafa, da jami'o'i da kwalejojin da ke horar da jami'ai, su sa darasin shaida da gwajin zaman kotu a manhajarsu.

iii. A yi yarjejeniya a rubuce tsakanin 'yan sanda, asibitoci, Ma'aikatar Shari'a da jami'ai, domin a saurari yaro sau ɗaya a hannun wanda aka horar.

iv. A buɗe cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma ba da rahoton likita kyauta.

v. A ware kuɗin sufurin shaidu a kasafin kowace shekara.

vi. Malamai da limamai da gidajen rediyo su isar da saƙo ɗaya ga iyaye mata: kada a yi wanka, kada a wanke tufafi, a tafi asibiti a ranar.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Dokar Shaida da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a kan abu ɗaya: abin da aka gani da wuri, aka kiyaye shi daga cuɗanya, shi ke da nauyi a gaban alƙali. Wannan aiki kuwa ba ya buƙatar na'urori masu tsada. Littafi ne, da biro, da ambulan, da kuɗin mota, da jami'in da ya san bambancin abin da ya gani da abin da yake zato. Jihohin Arewa sun riga sun yi dokokin; abin da ya rage shi ne su horar da mutanen da koke ke fara isa gare su, su kuma ba su kayan aiki. Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da sallamar masu laifi saboda rashin hujja, ana kuma tsare marasa laifi saboda zato.